Koyon ɗaukar hoto daga intanet: jagora ga mai farawa a Legas

Yaron da ke riƙe mini jaka idan na fita aikin biki a Agege ya miƙo mini wayarsa wata rana bayan sallar la'asar, ya ce, "Oga, duba, duk waɗannan na adana, amma har yau hotona ya ƙi yin kyau." Na yi ta ja da yatsa, bidiyo kan bidiyo ba iyaka: wannan na gwajin sabuwar kamara, wancan na wani Bature a kan dutsen ƙanƙara, ga na masu alkawarin mayar da mutum gwani cikin mako guda. Na tambaye shi wanne ya kalla sannan ya fita ya gwada. Ya yi shiru. Na ce masa, "Ƙanena, malamai ne suka yi maka yawa."

Tsarin da na ɗora shi a kai shi zan shimfiɗa a nan, kuma ƙa'idarsa guda ce: darasi ɗaya, fita ɗaya. Ba ka buɗe darasi na biyu sai ka ɗauki kamara ko waya ka gwada na farko a layinku, da ranar Legas, a kan fuskokin mutanenmu.

Da farko, tattala data

Duk wanda ke koyo da waya ya san bidiyo na shan data kamar rairayi na shan ruwa. Ka sauke ingancin YouTube zuwa 480, ya isa ka ga abin da malami ke nunawa. Kamfanonin layi suna da datar dare mai rahusa, to da ita za ka sauke darasin da za ka yi aiki da shi gobe. Idan Turancin mai magana ya yi maka gudu, rage saurin zuwa 0.75 ka kunna rubutun ƙasan bidiyo. Shafukan rubutu kuwa, Google Translate na juya su zuwa Hausa, sai dai yakan yi tuntuɓe a kalmomin sana'a, don haka ka riƙa haɗawa da hotunan misali da ke shafin.

Sannan ka sayi ƙaramin littafin rubutu na aljihu. Duk hoton gwaji, rubuta lokaci, wuri, da lambobin da ka sa.

Abubuwa uku da ke riƙe da haske

Kafin komai, shiga shafin Cambridge in Colour. Rubutu ne da zane, ba ya cin data, kuma ban san wani wuri da ya fi shi bayanin tushe a tsanake ba tare da tallan kaya ba. Karanta darasinsa na yadda haske ke shiga kamara. A YouTube kuma rubuta "exposure triangle", zaɓi bidiyo ɗaya tak, ka rufe sauran.

Ga abin da za ka tarar. Afaca ita ce ƙofar da haske ke bi a cikin gilashin kamara. Lambarta juye take: f/2.8 ƙofa ce a wangale, f/16 kuwa 'yar ƙaramar kafa. Idan ta buɗe, mutumin ya fito tangaran, bayansa ya yi dishi-dishi. Idan ta tsuke, gaba da baya duk su fito. Shota ita ce tsawon lokacin da ƙofar ke zama a buɗe: 1/1000 na daƙiƙa na tsayar da motsi cak, 1/30 na barin motsi ya ja zare. ISO kuwa ƙarfin jin hasken kamara ne. Ƙara shi na ceton ka cikin duhu, amma ladansa shi ne hoton ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Kowane taku ninki ne: daga f/5.6 zuwa f/8 ka raba haske biyu, daga 1/250 zuwa 1/125 ka ninka shi, haka daga ISO 200 zuwa 400. Abin da ka rage a nan, sai ka biya a can.

Mai waya kada ya ce ba da shi ake ba. Yawancin wayoyin Android, su Tecno da Infinix da Samsung da Redmi, suna da sashen Pro a cikin kamara inda za ka juya shota da ISO da hannunka. Afaca ce kawai a kulle a akasarinsu. Idan taka ba ta da shi, gwada manhajar Open Camera, kyauta ce.

Yanzu fita. Tsaya inda ba za ka tare wa kowa hanya ba, kusa da titin da danfo ke wucewa. Ɗauki mota ɗaya a 1/1000, ta biyu a 1/250, ta uku a 1/30. A ta ukun, ka bi motar da kamara tana tafiya kana juya ƙugu tare da ita, ka danna ba tare da ka tsaya ba. Sau ashirin za ka ɓata kafin ɗaya ta kama, amma ranar da rawayar danfon ta fito ras, shagunan bayanta suka zama zane-zane, ka gane shota ganewar da ba ka ƙara mantawa. Kwana uku ka ba wannan aikin. Idan kamara kake riƙe da ita, sai ka koma kan afaca, ka jera kwalaben lemo biyar a kan benci ka ɗauke su a kowace lamba.

Ga mai son zurfafawa har cikin lissafin gilashi da yadda kamara ke haɗa launi, akwai laccoci 18 na Marc Levoy, tsohon farfesa a jami'ar Stanford, da aka ɗauka a 2016 aka sake kyauta. Masu nauyi ne, ka bar su sai hannunka ya faɗa.

Darasin can, ranar nan

Nan ne zan daɗe, domin nan ne yawancin masu koyo daga intanet ke faɗuwa. Malaman da kake kallo galibi a Amurka da Turai suke. Ranarsu a karkace take, fatar waɗanda suke ɗauka fara ce, kayansu sau da yawa masu duhu. Mu akasin haka muke: rana a tsakar ka, fata baƙa, shadda fara ƙal. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Legas na kusa da tsakiyar duniya, saboda haka rana na fitowa tsakanin wajen ƙarfe 6:30 da 7:00 na safe, ta faɗi a irin wannan lokacin da yamma, kusan duk shekara. Wannan lallausan hasken na faɗuwar rana da suke yabo, wanda a can yakan daɗe a lokacin zafinsu, a nan gajere ne. Daga ƙarfe biyar zuwa kiran magariba ke nan, kuma da rana ta faɗi duhu ba ya jira. Na safe kuma daga fitowar rana zuwa wajen takwas. Idan za ka yi wa mutum hoton fuska a waje, ka isa wurin tun la'asar, ka zaɓi bango, ka gama gwaji kafin hasken ya iso. Hazon hunturu na Disamba da Janairu yana tausasa rana amma yana kashe launi. Ranar gajimare a damina kuwa, sama gaba ɗaya ta zama lema mai tace haske, kuma babu lokacin da ya fi shi daɗin ɗaukar fuska.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da za ka ci karo da ita da sunan "sunny 16": rana tsaka, ISO 100, afaca f/16, shota 1/125. Gajimare ya rufe, buɗe zuwa f/8. Ka shiga inuwa, f/5.6 ko f/4. Haddace ta, ita ce ma'auninka idan kamara ta ruɗe.

Kuma tana ruɗewa. A farkon aikina an kira ni wani suna a Idi-Araba. Kakan jaririn ya taso tun daga Katsina a motar dare, washegari zai koma. Aka jera maza su bakwai a ƙofar gida da azahar, kowa cikin farar shadda da ta sha bugu, na bar kamara ta zaɓar wa kanta lambobi. Ta ga fari ya cika mata ido, sai ta rage haske. Shadda ta fito, aikin wuya ya fito zare-zare, fuskoki kuwa suka nutse, idanu suka zama ramuka saboda ranar da ke dukan goshi daga sama. Na yi iya yina a kwamfuta, fatar ta ɓaci da tsaki. Da na kai hotunan, angon ƙarni ya daɗe yana kallon guda ɗaya, sannan ya ce, "Malam, ina fuskar Baba?" Har yau ina jin nauyin tambayar nan.

Dalilin mai sauƙi ne. Ma'aunin kamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani toka-toka, tsakanin fari da baƙi. Fari ya yi yawa, ya dusashe komai. Maganin, bi da bi: fitar da mutane daga rana, ka tsayar da su a bakin inuwa suna fuskantar fili, yadda hasken sama zai shigo fuska daga gaba. Nemo maɓallin da ke da alamar +/- ka ƙara kusan taku ɗaya. A waya, taɓa fuskar a allo sannan ka ja alamar rana sama kaɗan. Kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone yana walƙiya a allo, ka ƙara haske har shadda ta fara ƙyaftawa, sai ka koma baya kaɗan. Samu farin kwali babba, yaro ya riƙe ƙasa da ƙirjin mutum ya mayar masa da haske ƙarƙashin haɓa da ido. Idan kamararka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, kunna shi, domin yana ba da sararin gyara fiye da JPEG, irin hoton da aka saba. Ka kuma lura da rumfunan haya na biki: ja ko shuɗiyar rumfa na zuba launinta a fata, to ka jawo mutum zuwa baki-baki.

Darasin histogiram na Cambridge in Colour, wato wannan zanen mai kama da tsauni da ke nuna rabon haske da duhu, nan ne amfaninsa. A YouTube kuma rubuta "lighting dark skin", ka fifita bidiyon masu hoto na Najeriya da Gana da Afirka ta Kudu, su ne ke fama da abin da kake fama da shi.

Ƙaramin abu guda da ba a cika faɗa ba: wutar lantarkin Najeriya na bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Idan kana ɗauka a cikin ɗakin taro ka ga layuka masu duhu sun ratsa hoto, ko launi na canzawa daga wannan zuwa wancan, sa shota a 1/50 ko 1/100 maimakon 1/60 da malamin can ya ce.

Filasha

Kada ka taɓa ta sai ka yi wata biyu kana karanta hasken Allah. Idan lokaci ya yi, je shafin Strobist, wanda David Hobby, tsohon mai hoton jarida a Amurka, ya buɗe a 2006, ka bi jerin darussan Lighting 101 daga farko. Duk koyarwar a kan abu ɗaya take: cire filasha daga kan kamara, ɗora ta a sanda gefe guda, sa mata lema. Ga wanda zai buɗe ɗan shagon hoto a ɗaki ɗaya, bidiyon Gavin Hoey a tashar Adorama sun dace, domin shi ma a ƙaramin ɗaki yake yawancin aikinsa.

Ciyar da ido

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma abin da ka saba nuna masa da shi zai riƙa awo. Idan kullum abin da ke wucewa a Instagram ɗinka hotunan da aka wanke fata ne har ta koma roba, irinsu hannunka zai yi. Ni shawarata ka fara da na gida.

Nemo J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda a nan Legas ya yi mafi yawan aikinsa har rasuwarsa a 2014. Daga 1968 ya fara ɗaukar kitson mata, ya tara kusan dubu, baƙi da fari, bango wayam, sau da yawa daga ƙeya. Abu ɗaya, shekaru da dama, bai gaji ba. Nemo Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948, yana ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana, da zane mai ado a bayansu. Dubi yadda yake ajiye hannun mutum, yadda yake baza babbar riga ta cika hoto. Duk mai ɗaukar hoton sallah yana da abin koyo a wurinsa, kuma kayan da mutanensa ke sawa 'yan'uwan namu ne. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, shi ne malamin shiga taro a ɗauki mutane suna cikin nishaɗi.

A na yanzu, bi shafin Bits of Borno na Fati Abubakar a Instagram, wadda ta riƙa nuna rayuwar yau da kullum a Maiduguri, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, a lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai labarin tashin bam. Bi shafin Everyday Africa a can ma, da aka fara a 2012, inda hotuna da yawa da waya aka ɗauke su, don ka daina ɗora laifi a kan kayan aiki. A 2023 gidan tarihin MoMA da ke New York ya ware baje kolinsa na New Photography ga masu fasaha bakwai da ke da alaƙa da Legas, cikinsu har da Akinbode Akinbiyi da Yagazie Emezi da Logo Oluwamuyiwa, mai jerin hotunan Monochrome Lagos. Titunan da kake bi kullum ne suka ɗauka. Daga nan sai ka leƙa na waje: taskar World Press Photo, gasar da ta faro tun 1955, da shafin Magnum, ƙungiyar masu hoto da aka kafa a 1947. Tashar Sean Tucker a YouTube ma tana da amfani, yana magana a nutse kan haske da inuwa fiye da kan kaya.

Sai dai kallo iri-iri ne. Hoto ɗaya a rana ya isa, amma ka ba shi minti biyar. Daga ina haske ya zo? Dubi inda inuwar hanci ta faɗa, ka dubi ɗigon haske a ƙwayar ido, za su gaya maka. A ina mai hoton ya tsaya, a tsugune yake ko a tsaye? Me ya bari a waje? Sannan ka fita ka nemi irin wannan hasken a unguwarku, ka yi naka. A shafin Flickr akwai ƙarin garaɓasa: ƙarƙashin yawancin hotuna ana nuna kamarar da aka yi aiki da ita, da afaca da shota da ISO. Rubuta sunan kamararka ko wayarka a can ka ga abin da wasu suka fitar da irinta.

Yarona, bayan mako biyu yana kallon Ojeikere, ya zaɓi huluna. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana roƙon dattawa su tsaya masa a jikin wani bango, yana ɗaukar zanna-bukar da dara da ƙube daga gefe. Ka nemi naka abu ɗayan: hannun masu yankan farce, kwandunan tumatir da ake saukewa da asuba a Mile 12, raguna a kasuwar dabbobi gab da babbar sallah, teburin mai shayi da daddare.

Gyara

A waya, Snapseed kyauta ce kuma ta isa. Koyi abu uku a cikinta: daidaita haske gaba ɗaya, yanke gefe, da kayan da ke ba ka damar haskaka wuri ɗaya kamar fuska ba tare da ka ƙona riga ba. A kwamfuta, darktable da RawTherapee na buɗe RAW ba tare da biyan ko kwabo ba, don haka babu dalilin sauke manhajar sata da za ta shigo maka da cuta. Roƙona ɗaya ne: haskaka fuska daban, sauya wa mutum launin fata daban. Ka bar wa baƙi baƙinsa, da sheƙinsa.

Izini, da nuna aiki ga mutane

Bidiyon masu hoton titi na Turai za su koya maka ɗauka ba tare da tambaya ba. Kada ka kawo wannan Legas. Yi sallama, faɗi abin da kake yi, nuna wa mutum hoton a allo, ka goge idan bai so ba. A kasuwa ka fara gaida shugaban sashen. Matar aure da 'ya'yan mutane ba a ɗaukarsu sai da yardar masu su. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, tashar jiragen ruwa da filin jirgi, ka mayar da kamara jaka. Inda ba a san ka ba kuma, tafi da ɗan unguwa.

"Masha Allah" ɗin 'yan'uwa a WhatsApp na da daɗi, amma ba ya gyara hoto. Zaɓi uku kacal a mako, ka kai wa wanda ya fi ka, ka ce ya nuna maka aibinsu. Gasar Wiki Loves Africa, ta tara wa Wikipedia hotunan Afirka, da ake yi duk shekara tun 2014 da jigo guda, hanya ce mai kyau ta yin aiki da manufa, kuma akwai Hausawa masu aikin Wikipedia da ke shiga. Ka dai sani duk abin da ka ɗora a can, kowa na iya amfani da shi, har a kasuwanci, muddin ya ambaci sunanka. Tunda kana Legas, ka riƙa duba shafin LagosPhoto, bikin hoton da Azu Nwagbogu ya kafa a 2010, ka je ka ga hoto a bango da girmansa. A Yaba kuma akwai Centre for Contemporary Art da marigayiya Bisi Silva ta buɗe a 2007, mai ɗakin karatu na littattafan fasaha.

Ajiya

Karl Ohiri, ɗaya daga cikin bakwai ɗin can na MoMA, ya daɗe yana tattara tsofaffin fim ɗin kamara, irin wanda ake wanke hoto daga jikinsa, na shagunan Legas, da yawa danshi da fumfuna sun riga sun cinye fuskokin da ke ciki. Danshin nan bai tafi ko'ina ba, kuma yana tsirowa a cikin gilashin kamara kamar saƙar gizo. Samu robar abinci mai murfi da ke rufewa gam, zuba ƙunshin silika irin wanda ke zuwa a kwalin sabon takalmi, nan kamara za ta riƙa kwana, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba. Idan za ka sayi gilashi na hannu, haska fitilar waya ta cikinsa ka duba kafin ka biya.

Hotuna kuwa su zauna wuri biyu kafin ka goge kati: ɗaya a kwamfuta ko faifan ajiya, ɗaya a intanet. Google na ba kowane asusu 15GB kyauta, ya ishe ka zaɓaɓɓun. Sa wa kowane aiki kwanan wata da sunan unguwa. Idan za ka tura wa mai biki ta WhatsApp, tura a matsayin takarda, wato Document, maimakon hoto, domin ta hanyar da aka saba manhajar na matse shi, in ya je wankewa babba sai ya fashe.